Binciken Kuɗin Inshora da Bai Kammalu Ba: Me Ake Rubutawa a Fayil, Kuma Wa Ke Biya?

A Amurka, mai ƙaramin kamfani kan buɗe wasiƙa daga kamfanin da ya yi masa inshorar diyyar ma'aikata 'yan watanni bayan shekarar inshora ta ƙare, sai ya tarar ana bin sa kuɗin da ya ninka abin da ya biya tun farko. Babu ma'aikacinsa da ya ji rauni, bai kuma nemi diyyar komai ba. Dalilin da aka rubuta masa layi ɗaya ne: ba a samu kammala bincike ba. Irin wannan wasiƙa ta samu gindin zama tun daga 1 ga Janairun 2017, ranar da wata ƙa'ida ta NCCI, hukumar da ke tsara ƙa'idojin wannan inshora, ta fara aiki a jihohi da dama, wadda ta ba kamfanonin inshora damar ɗora caji na musamman a kan wanda bai bari an duba littattafansa ba.

Ko wannan caji zai tsaya ko zai rushe, amsar tana cikin fayil ɗin da odita, wato mai binciken littattafan kuɗi, ya ajiye game da binciken da ya gagara. Da yawa daga masu kamfanoni ba su san akwai irin wannan fayil ba, wasu oditocin kuma suna cike shi kamar abin da ba wanda zai sake buɗewa.

Dalilin binciken tun asali

Inshorar diyyar ma'aikata ita ce ke biyan kuɗin magani da wani kaso na albashin ma'aikacin da ya ji rauni a bakin aiki. Dokokinta na jihohi ne, sun kuma fara kafuwa tun 1911. A yau kusan kowace jiha ta wajabta ta a kan masu ɗaukar ma'aikata, in ban da Teksas, inda aka bar wa kamfanoni masu zaman kansu zaɓi.

Abin da ya bambanta ta da inshorar mota ko ta gida shi ne ba a san ainihin farashinta ranar da aka saye ta. Ana lissafa kuɗin ne a kan albashin da kamfani zai biya cikin shekara, kowace dala 100 ta albashi da farashinta, gwargwadon haɗarin aikin. Kowane irin aiki yana da lambarsa. Ma'aikacin ofis yana ƙarƙashin lamba 8810, wadda farashinta ba shi da yawa. Mai aikin rufin gini yana ƙarƙashin 5551, wadda ke cikin mafi tsada. Tunda ba wanda ya san albashin shekarar da ba ta zo ba, ana farawa da ƙiyasi. Idan shekara ta ƙare sai odita ya duba abin da aka biya a zahiri.

A ɗauka, a matsayin misali kawai, cewa mai aikin rufi ya ƙiyasta albashin dala 200,000, farashi kuma dala 15 ne a kan kowace dala 100. Zai biya dala 30,000. In aiki ya buɗe masa albashi ya kai dala 260,000, kuɗin ya zama dala 39,000, akwai cikon dala 9,000 a kansa. In kuma kasuwa ta ja baya, shi za a mayar wa rara. Mutane kan manta da wannan ɓangare na biyu.

Haƙƙin yin binciken yana rubuce a kashi na biyar na takardar yarjejeniyar da akasarin jihohi ke amfani da ita. Mai inshora, wato wanda ya sayi inshorar, ya amince zai ajiye bayanan da ake bukata, zai kuma bari a duba littattafan kuɗi, kwangiloli, takardun haraji da jadawalin albashi, a cikin shekarar inshora da kuma har shekara uku bayan ƙarewarta. Inshorar da ke kare kamfani daga ƙarar mutanen waje ita ma tana da irin wannan sharaɗi, sai dai a can sau da yawa cinikin shekara ake dubawa.

Yadda bincike ke tsayawa a hanya

Ana yin binciken ta hanyoyi daban-daban: odita ya je da kansa, ko ya yi ta waya, ko a aika fom mai kamfani ya cike, ko a ɗora takardu a shafin intanet. Kowace hanya tana da inda take cijewa.

Akwai wanda da gangan yake guje wa odita, domin ya san ya ɓoye albashi ko ya sa masu hawa rufi a lambar ma'aikatan ofis. Akwai kuma wanda ya tashi daga adireshin da ke cikin takarda, wasiƙu na ta zuwa tsohon wuri. Wani kamfanin ya rufe. Wani mai shi ya rasu, magada ba su ma san da zancen ba. Wani akantansa na waje ya riƙe littattafai saboda ba a biya shi ba, wani kuma gobara ko ambaliya ta cinye takardun. Akwai wanda ya koma wani kamfanin inshora ya ɗauka ya gama da na baya. Sannan akwai laifin ɓangaren inshora kansa: odita ya saɓa alƙawari, ko ya yi ta kiran lambar da aka rubuta ba daidai ba, ko saƙonsa na imel ya faɗa akwatin tarkace.

Wani nau'in ya fi waɗannan wuyar sha'ani, wato binciken da aka yi rabi. Mai kamfani ya miƙa jadawalin albashi amma bai kawo fom 941 ba, takardar harajin albashi da ake kai wa hukumar haraji ta tarayya duk wata uku, wadda odita ke gwada jadawalin da ita. Ko ya kawo komai sai takardun shaidar inshora na ƙananan 'yan kwangilar da ya ba aiki. A nan an ba da haɗin kai, amma adadin bai tabbata ba.

Duk waɗannan suna iya ƙarewa da alama iri ɗaya a kwamfutar kamfanin inshora: ba a kammala ba. Amma mai ɓoye albashi da matar da mijinta ya rasu ya bar mata kamfani ba matsayinsu ɗaya ba, kuma fayil ne kaɗai zai iya raba su.

Ƙa'idar 2017 da dokokin wasu jihohi

NCCI, wadda aka kafa a 1923, ita ke tattara alƙaluman wannan inshora da tsara ƙa'idojinta ga jihohi fiye da 30. Kafin 2017, kamfanin inshorar da aka hana shi bincike yakan yi ƙiyasi ya aika takardar biya, ko ya soke inshorar in tana nan da rai. Ga wanda ya riga ya koma wani kamfani, barazanar sokewa ba ta da wani tasiri.

Sabuwar ƙa'idar ta ba da damar ɗora cajin da zai iya kai ninki biyu na kuɗin da aka ƙiyasta na shekara, ƙari a kan kuɗin asali. A misalin mai rufi, dala 60,000 ke nan a kan dala 30,000, jimla dala 90,000, alhali da an yi bincike dala 39,000 zai biya. Sai dai an gindaya sharuɗɗa. Dole takardar ƙarin sharaɗi mai lamba WC 00 04 24 ta kasance liƙe da yarjejeniyar tun farkon shekarar da ake bincike a kanta. Dole kamfanin inshora ya yi yunƙuri biyu na samun bayanan. A kowane yunƙuri sai ya faɗa wa mai inshora takamaiman takardun da ake nema da kuma adadin cajin da zai hau kansa in bai kawo ba. Sannan dole a rubuta yunƙurin biyu a fayil ɗin bincike. Idan daga baya mai inshora ya bari aka duba littattafansa, ana gyara lissafi zuwa ainihin abin da ya kamata ya biya.

Ba kowace jiha ta karɓi ƙa'idar yadda take ba. Wasu sun rage ninkin, wasu sun ƙara sharuɗɗa, wasu kuma suna da tasu dokar. A Kalifoniya, sashe na 11760.1 na dokar inshora ya ce wanda ya hana a duba littattafansa zai biya ninki uku na ƙiyasin shekara, dokar ta kuma yi maganar nema har sau uku da sanarwa a rubuce. A Fulorida ma doka ta ba da damar kai wa ninki uku, sannan ta tanadi tarar ninki goma na bambancin kuɗi ga wanda aka kama ya ɓoye albashi don rage abin da zai biya. Jihohin Ohayo, Washington, Wyoming da Dakota ta Arewa kuwa asusun gwamnati ne ke ba da wannan inshora, tsarinsu daban ne.

Abin lura a ƙa'idar NCCI da dokar Kalifoniya shi ne nauyin kawo hujja yana kan kamfanin inshora. Shi zai nuna ya nema, ya faɗi abin da yake nema, ya yi gargaɗi.

Abin da fayil mai kyau ke ɗauke da shi

Ga yadda rubutun da ya fi yawan jawo rigima yake: “An kira sau biyu, ba a samu amsa ba. Mai inshora ya ƙi ba da haɗin kai. An rufe.” Wanda ya karanta wannan bayan shekara biyu bai san ranar da aka kira ba, bai san lambar da aka kira ba, bai san ko an bar saƙo ba, balle ya san ko an ambaci takardun da ake nema da adadin caji. Jimla ta biyu ma hukunci ce aka yanke ba tare da shaida ba, domin rashin ɗaukar waya bai kai a ce mutum ya ƙi ba.

Ga kuma wani rubutun a kan lamari iri ɗaya: “Ranar Litinin 3 ga wata, ƙarfe 10 na safe, na kira lambar ofis da ke cikin yarjejeniya. Sakatariya ta ɗauka, ta ce mai kamfani yana wurin aiki. Na ba ta jerin takardu: jadawalin albashi na wata 12, fom 941 na zango huɗu, littafin kuɗin da aka fitar, da shaidar inshorar 'yan kwangila. A ranar na aika jerin ta imel tare da adadin caji da wa'adin kwana 14. Kwafi yana haɗe.” Wannan ya ci minti biyu fiye da na farko, kuma kowa zai iya bin sawunsa ya tabbatar.

Daga nan ana iya ganin abin da ake bukata. Kowane yunƙuri da ranarsa, da hanyar da aka bi, da adireshi ko lambar da aka yi amfani da ita, da matsayin wanda aka yi magana da shi. Matsayin yana da muhimmanci, domin saƙon da aka bar wa direba ba daidai yake da wanda aka ba mai kamfani ko akantansa ba. Ana ajiye kwafin wasiƙar kanta, ba a wadatu da cewa an aika ba. In wasiƙa ta dawo daga gidan waya, ambulan ɗin da tambarin da aka buga masa shaida ce, kuma shaida ce mai kaifi biyu: tana nuna an aika, tana kuma nuna saƙon bai isa ba. Odita mai hankali idan ya ga haka sai ya nemi dillalin da ya sayar da inshorar ya ba shi sabon adireshi, ya kuma rubuta cewa ya yi hakan. Yunƙuri biyu zuwa adireshin da aka riga aka san babu kowa a cikinsa na iya cika lissafi a takarda, amma da wuya ya gamsar da mai sauraron ƙorafi.

Abin da mai inshora ya faɗa ana rubuta shi yadda ya faɗe shi. “Ya ce akantansa na asibiti, ya nemi a ɗaga zuwa ƙarshen wata” bayani ne. “Yana ta kame-kame” ra'ayin odita ne, kuma ranar da lauya ko jami'in hukumar inshora ta jiha zai karanta fayil ɗin, irin wannan magana kamfanin inshora take cutarwa. In mutum ya fito fili ya ce ba zai ba da littattafai ba, a rubuta kalmominsa da ranar da ya faɗa.

A binciken da aka yi rabi, fayil yana bukatar jeri biyu: abin da aka karɓa da abin da ya rage, da kuma bayanin yadda rashin na biyun ya taɓa lissafi. Nan ne ƙa'idojin ajiye bayani ke cizo. A akasarin jihohi ana cire ƙarin da ake yi wa ma'aikaci saboda aikin bayan lokaci daga lissafi, amma sai in littafi ya ware shi daban. Ma'aikacin da ya yi aiki iri biyu ana iya raba albashinsa tsakanin lambobi, amma sai in akwai rubutaccen lissafin awanni. In babu, duka albashin yana tafiya lamba mafi tsada. Ɗan kwangilar da ba a kawo shaidar inshorarsa ba ana iya lissafa kuɗin aikinsa kamar albashin ma'aikaci. A 2020, lokacin annobar korona, an ƙirƙiri lamba 0012 domin albashin waɗanda ake biya suna zaune a gida ba su aiki, aka cire shi daga lissafi, amma ga wanda ya ware shi a littafi kaɗai. Mai kamfanin da aka faɗa masa a rubuce wace takarda ce ta rage da nawa rashinta zai ci masa, yakan nemo ta.

Sai ƙiyasin kansa. In za a rufe fayil da ƙiyasi, tilas a nuna daga ina adadin ya fito: binciken bara ne aka ɗora a kai, ko rahotannin wata-wata da mai inshora ya riƙa aikowa, ko fom 941 na zango biyu da aka samu aka ninka. Adadin da ba a bayyana tushensa ba shi ne farkon abin da ke faɗuwa idan an je jayayya. A kuma rubuta a fili cewa ƙiyasi ne, kada wani ma'aikaci ya ɗauke shi daga baya a matsayin adadin da aka tantance.

Inda ɓangarorin suka saɓa

Kamfanonin inshora suna cewa sun ɗauki haɗarin shekara guda cur. Da ma'aikaci ya faɗo daga rufi da sun biya, ko albashin da aka gaya musu gaskiya ne ko ƙarya. Wanda ya ɓoye albashi yana samun inshora da arha, yana kuma karya farashi wajen neman kwangila, abokan sana'arsa masu gaskiya su rasa aiki. A ganinsu caji mai zafi ne kawai ke sa a ɗauki waya, kuma tunda ana janye shi da zarar an yi bincike, mai gaskiya ba ya asarar komai.

Masu ƙananan kamfanoni suna cewa ba haka abin yake a aikace ba. Mai aikin famfo da ke da ma'aikata huɗu ba shi da ofishin akanta. Wasiƙar odita ɗaya ce cikin tarin takardun da yake dubawa da dare. Kafin a janye caji ana iya miƙa bashin ga masu karɓar bashi, ko a soke inshorar da yake kai yanzu. Suna kuma ƙorafin cewa wani lokaci sun aika takardu amma ba a shigar ba.

Dillalai suna tsakiya. Su ne suka san abokin cinikin, su ne kuma sukan ji labari a makare. Yawancinsu abin da suke nema shi ne a sanar da su tun yunƙurin farko ya faskara, domin kira ɗaya daga wanda aka sani yakan yi abin da wasiƙa uku ba su yi ba.

Oditoci ma suna da nasu uzurin. Kamfanonin inshora da yawa suna ba kamfanonin waje kwangilar bincike, ana kuma auna aiki da yawan fayilolin da aka rufe cikin wa'adi. Fayil ɗin da ya ƙi motsi nauyi ne a kan teburi, saboda haka akwai jarabar a yi abin da ƙa'ida ta ce a taƙaice a mayar da shi. Hujjar kowane ɓangare tana da ƙarfi a inda take, sai dai da'awar cewa mai gaskiya ba ya asara tana tsayawa ne kawai idan saƙon ya isa gare shi da gaske.

Abin da ke biyo baya

Illar ba ta tsaya a takardar biya ba. Kamfanin inshora yana kai rahoton albashi da diyyar kowace yarjejeniya ga hukumar tattara alƙaluma. Rahoton farko ana ƙididdige shi wata 18 bayan fara yarjejeniyar, a miƙa shi kafin cikar wata 20, kuma akwai gurbin da ake nuna ko adadin na bincike ne ko na ƙiyasi. Cajin rashin haɗin kai kuwa ana kai shi daban a ƙarƙashin lamba 9757, domin kada ya gurɓata lissafin farashi.

Daga waɗannan rahotanni ake fitar da makin tarihin kamfani, wanda ke gwada diyyar da aka biya a kansa cikin shekara uku da abin da ake tsammani ga mai albashi irin nasa. Makin da ya haura 1.00 yana ƙara kuɗin inshora, wanda ya gaza yana ragewa. In albashin da aka kai bai kai na gaskiya ba, diyyar sai ta yi kamar ta yi yawa, maki ya hau. A Kalifoniya ba a sa albashin da ba a tantance ba a wannan lissafi, amma ana ƙirga diyyar da aka biya. Manyan masu ba da kwangilar gini da yawa kuma suna duba makin kafin su ba da aiki.

Akwai kuma kasuwar ƙarshe, wadda jihohi suka tanada ga kamfanin da kowa ya ƙi yi wa inshora. A jihohin da NCCI ke gudanar da ita, wanda ke da binciken baya da bai ba da haɗin kai a kansa ba yana iya rasa cancantar shiga har sai ya gyara. Kamfanin da ya rasa inshora a jihar da ta wajabta ta yana fuskantar tara ko umarnin dakatar da aiki, ma'aikatansa kuma su zauna a gida a kan takardar da ba su taɓa gani ba. Wanda ya ji rauni lokacin da inshorar ke aiki dai haƙƙinsa na diyya yana nan, rigimar kuɗi tsakanin ubangidansa da kamfanin inshora ba ta soke shi.

Mai kamfanin da irin wannan wasiƙa ta same shi yana da hanyoyi. Mafi sauƙi shi ne ya nemi a sake buɗe binciken ya kawo takardun. In yana ganin ba a bi ƙa'ida ba, zai iya neman a nuna masa ranakun yunƙurin da kwafin wasiƙun, ya duba ko takardar ƙarin sharaɗin tana cikin yarjejeniyarsa tun farko. Ana sa ran ya biya ɓangaren kuɗin da ba ya jayayya a kansa, ya rubuta dalilinsa a kan sauran, sannan ya kai ƙorafi ta tsarin sasanta saɓani na NCCI ko hukumar inshora ta jiharsa. A can ma za a tambaye shi nasa fayil ɗin: ranar da ya aika takardu, wa ya aika wa, da shaidar cewa sun isa.